Noman lambu a birnin Maraɗi

Noman lambu, wanda mutanen Maraɗi suka fi kira noman garka, shi ne noman kayan miya da ganyaye ta hanyar ban ruwa a cikin birnin da gefensa, galibi bayan ɗaukewar damina. Maraɗi na kudancin Jamhuriyar Nijar, kusa da iyakar Najeriya, kuma ƙidayar 2012 ta nuna mazaunanta sun haura 260,000. Mafi yawan garake suna cikin fadamar Gulbin Maraɗi, yamma da gari. Daga nan ne kaso mai yawa na ɗanyen kayan miyan da ke shiga tukunyar talakan birnin yake fitowa, sai dai yawansa da arharsa suna bin lokacin shekara.

Gulbi da garin

Katsinawan da suka baro Katsina bayan jihadin farkon ƙarni na 19 sun kafa Maraɗi ne a cikin kwarin gulbi. A 1945 ambaliya ta cinye tsohon garin, Turawan Faransa suka mayar da shi kan tudu. Tun daga nan gidaje suke sama a kan jigawa, ƙasa mai laka da danshi kuma ta zama ta noma. Tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, Mokoyo, Ƴandaka, Maradawa da Ɗan Gulbi su ne suka fi kusa da fadama, yayin da sababbin unguwannin da garin ya yi ta miƙewa da su suke nesa da ita, kan rairayi inda ruwan rijiya yake da zurfi.

Gulbin yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Madarunfa da Maraɗi da Tsibiri, sannan ya sake komawa Najeriya. Ruwa na gudu a cikinsa ne da damina kawai. A da yakan yi malala ya bar laka mai ƙarfi a gonaki, danshin kuma ya daɗe har rani ya yi nisa. Bayan gina madatsar Jibiya a ɓangaren Najeriya wajen 1990, malalar ta ragu, kuma manoma sun daɗe suna kukan cewa rijiyar da ake tarar da ruwanta kusa yanzu sai an ƙara mata gaba.

Noman rani ya samu ƙarfin gwamnati bayan farin 1984, lokacin da mulkin Seyni Kountché ya yi ta kiran jama'a da su koma fadamu da tafkuna. Kudu da birnin akwai filin noman ban ruwa na Jiratawa, mai faɗin kusan hekta 500, wanda ONAHA, hukumar gwamnati mai kula da filayen noman ban ruwa, ke kula da shi tare da ƙungiyoyin manoma. Da rijiyoyin burtsatse ake shayar da shi, kuma sunansa ya fita wajen zogale.

Yadda ake aikin

Garka ba ta da girma. Manomi yakan shinge ta da ƙaya ko kara saboda awaki, ya yanka ta fangali-fangali, ya yi rainon iri a gefe kafin dashe. Masu ƙaramin ƙarfi har yanzu da wasaki suke jan ruwa, safe da yamma. Wanda ya samu hali yakan haƙa ƴar burtsatse ya ɗora injin ban ruwa mai shan fetur, a ƴan shekarun nan kuma wasu sun koma fanfon hasken rana. Ba kowane mai noma ne mai ƙasar ba: akwai mai gado, akwai mai aro, akwai mai haya ko jingina, ga kuma samari ƴan ƙwadago da ke shigowa daga ƙauyuka cin rani.

Da sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ake samun salati, shu, karas, tumatir, albasa, tattasai da attarugu. In zafi ya shigo sai a karkata ga masu jurewa, kamar kuɓewa, yalo, alayyafo, rama, yakuwa da lalo. Zogale shi ne ɗan lelen masu garka, domin ana yankarsa ya sake tohowa sau da yawa a shekara, kuɗinsa kuma ba ya yankewa.

Garin da kansa yana ciyar da garaken. Amalanken shanu da jakai suna kwasar takin dabbobin gida da na juji zuwa fadama. Wannan yana rage bola a unguwa, amma leda da fasassun kwalabe suna bin takin har cikin fangali. Wani abin damuwa shi ne maganin ƙwari na bakin kasuwa, wanda sau da yawa ba a san ƙarfinsa ba, kuma akan fesa shi ana gab da tsinka. Tsutsar tumatir da ta ɓarke a Nijar da arewacin Najeriya a 2016 ta ƙara tura manoma ga yawan feshi. Cibiyar binciken noma ta INRAN da ke Tarna da Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna aiki a kan iri da ƙwarin amfanin gona na yankin.

Daga fadama zuwa tukunya

Da asuba ƴan sari suke sauka garka, yawancinsu mata da yara maza masu baro, su haura da kaya zuwa babbar kasuwa da ƙananan kasuwannin unguwa. Talaka ba ya sayen kwando. Kashi-kashi ake kasa masa, na dala biyar, na dala goma, wato sefa 25 ko 50, daidai da abin da maigida ya bari na cefane. Ga gidajen da mata ba su fita kasuwa, ƴan talla ne ke kai kayan har zaure. Dafaffen zogale da aka kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ko aka zuba a dambu, yana cikin hanyoyi mafi arha da yaro a unguwar marasa ƙarfi yake cin ganye.

Matsalar tana ga kalandar. A Janairu da Fabrairu tumatir yakan yi yawa har ya ruɓe a hannun mai shi, tunda babu wurin sanyaya shi, sai dai a yanka a shanya. Daga bazara zuwa tsakiyar damina kuwa yakan yi tsadar da gidaje da yawa suke haƙura da shi, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin tiyar hatsi ya hau, ɗan abin da ke hannu kuma hatsi ake fara saye da shi. A irin wannan lokaci miya takan koma ta kuka, busasshiyar kuɓewa da kauɗar tumatir, har ruwa ya zauna tafasa da sauran ganyayen daji su fito. A yunwar 2005 jihar Maraɗi na cikin wuraren da tamowar yara ta fi tsanani, alhali kasuwanninta ba su rasa abinci ba. Kuɗin sayensa ne mutane suka rasa.

Iyaka ma tana da hannu a farashi. Wani ɓangare na fetur ɗin injin ban ruwa, taki na zamani da kayan miya daga Najeriya yake shigowa, ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa. Rufe iyakar da Najeriya ta yi daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, da cire tallafin fetur a Najeriya a 2023, duk sun taɓa kuɗin ban ruwa.

A cikin gidaje, musamman unguwannin tudu, noman bai wuce ƴan itatuwan zogale a bayan ɗaki ba, da kabewa ko soso mai hawa danga, da ƴar yakuwa kusa da inda ake wanke-wanke. Abin da ya hana shi faɗaɗa shi ne ruwa: gidan da ke sayen jarka daga ƴan garuwa domin sha da girki ba zai zuba wa fangali ba. Mai zaman haya kuma ba ya dasa itace a gidan da ba nasa ba, ga filayen gefen gari da ake nomawa a da ana ta yanka su ana gini.