Gundumar Makarantu: Me Ya Sa Birni Ke Sayar wa Makaranta Fili a Kan Dala Ɗaya?

Mai bin labaran ƙananan garuruwan Amurka zai riƙa cin karo da wani kanu da kan ɗaure wa mutumin Kano ko Maraɗi kai: majalisar birni ta amince a miƙa wa gundumar makarantu fili don yin filin wasa, a kan kuɗi dala ɗaya. Sai ka ce, to ba duk gwamnati ba ce? Mene ne na ciniki, har da lauyoyi da ƙuri'a, alhali daga wannan aljihu ne zuwa wancan? Abin da ya sa shi ne, aljihun ba na riga ɗaya ba ne.

Abin da Amurkawa ke kira school district, mu kuma muke cewa gundumar makarantu, ba wani ofishi ba ne a ƙarƙashin magajin gari. A mafi yawan jihohin ƙasar, gwamnati ce mai cin gashin kanta, wadda aikinta ɗaya tak: tafiyar da makarantun gwamnati tun daga ajin share fage har ƙarshen sakandare. Mutanen yankin ne ke zaɓen 'yan kwamitinta, su kuma su ɗauki babban jami'in da zai riƙe ragama. Tana sa haraji a kan gidaje da filaye, tana cin bashi, tana kai ƙara kotu ana kai ta, tana kuma mallakar ƙasa da sunanta. Iyakarta ma ba lallai ta dace da ta birni ba. Wata gundumar kan haɗa garuruwa uku da ƙauyukansu, yayin da birnin San Antonio na jihar Texas shi kaɗai ya rabu tsakanin gundumomi fiye da goma.

Irin waɗannan gundumomi masu zaman kansu sun haura 12,000 a yau. A farkon shekarun 1940 sun fi 100,000, lokacin da kusan kowace makarantar ƙauye mai aji ɗaya gunduma ce, kafin a yi ta haɗe su. Akwai dai wuraren da tsarin ya sha bamban. Jihar Hawaii gaba ɗayanta gunduma ɗaya ce. A Virginia da Maryland makarantu na jingine ne da ƙananan hukumomi wajen kuɗi. Birnin New York kuma tun 2002 magajin gari ne ke riƙe da makarantunsa.

Alaƙar makaranta da ƙasa tsohuwa ce a can. Dokar rabon filaye ta 1785 ta yanka yankunan yamma zuwa gida-gida, kowane yanki kashi 36, ta ce kashi na 16, wato eka 640, na makaranta ne: a noma, a ba da haya ko a sayar, a yi karatu da kuɗin.

To me ke kai gunduma ƙofar birni neman fili? Galibi matsi. Makarantar da aka gina a bayan gari shekara sittin da suka wuce yanzu gidaje sun zagaye ta. Filin ƙwallon Amurka kaɗai, mai tsawon yadi 120, yana cin eka ɗaya da ɗan ɗoriya, ban da layin tsere da wurin zaman 'yan kallo da na ajiye motoci. Ga kuma dokar tarayya ta 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Tun daga nan ƙungiyoyin wasan 'yan mata suka yawaita, filin da a da ya ishi samari ya zama ana layi a kansa. Shi kuwa birni sau da yawa yana da wani kango a gefe, ko tsohon juji da aka rufe, ko wani ɓangare na wurin shaƙatawa da yankan ciyawarsa ke cin kuɗi duk shekara. Rabuwa da shi sauƙi ne a gare shi.

Dala ɗayan nan ba farashi ba ce. Al'adar dokarsu ce cewa ciniki sai da abin musaya, komai ƙanƙantarsa, shi ya sa ake rubuta ta. Ainihin maganar tana cikin takardar da aka sa wa hannu, kuma a nan ne ya kamata mai karatu ya buɗe ido.

Sau da yawa birni kan ba da takardar da za mu iya kira ta sakin haƙƙi. Ma'anarta: duk wani haƙƙi da nake da shi a kan wannan fili na sakar maka, amma ban ɗauki alkawarin cewa babu wata rigima a kansa ba. Idan gobe aka tono aka tarar da tsohon tankin mai a ƙarƙashin ƙasa, ko wani ya fito da takardar da ta ba shi haƙƙin bin hanya ta cikin filin, ciwon kan na iya faɗawa kan sabon mai shi. Shi ya sa gundumar da ta san abin da take yi sai ta kira safiyo da masu gwajin ƙasa tukuna.

Sai sharaɗin komawa, wanda a ganina shi ne zuciyar al'amarin. Ana rubutawa cewa an ba da filin ne don wasanni ko karatu kawai. Ranar da aka daina amfani da shi don haka, ko aka kasa fara gini cikin wa'adin da aka yanka, ya koma hannun birni. In babu wannan layi, kwamitin da zai zo bayan shekara ashirin, wanda bai halarci zaman farko ba kuma kuɗi ya yanke masa, yana iya sayar wa mai gina gidaje, babu mai cewa uffan a gaban doka.

Na uku shi ne yarjejeniyar amfani tare: wa ke da fili da safe, wa ke da shi bayan an tashi daga makaranta, wa ke biyan kuɗin wuta, wa ke riƙe makulli. Wannan shi ke cika zauren majalisa ranar jin ra'ayin jama'a. Kowa ana ba shi minti biyu ko uku a gaban makirfo. Kociya zai zo da yaransa sanye da rigunan wasa su jeru a baya. Wani dattijo da ya shekara talatin yana zagaya wurin kowace asuba zai tashi da takarda a hannu, ya tambaya ko za a sa kwaɗo a ƙofa. Wata mata mai gida a jikin shingen za ta ce fitilun dare da lasifika za su hana jaririnta barci. Abin da dattijon ke tsoro gaskiya ne, domin da zarar an shimfiɗa ciyawar roba mai tsada, abu na gaba shi ne shingen waya da allon gargaɗi.

Wani filin ma ba ya miƙuwa cikin sauƙi. Idan an taɓa sayensa ko gyara shi da kuɗin asusun tarayya na kare ƙasa da ruwa, wanda ya fara aiki a 1965, ba a sauya masa aiki sai da izini da kuma musanya shi da wani fili mai daraja daidai. A jihar New York, raba jama'a da wurin shaƙatawa sai majalisar dokokin jiha ta yarda. A Massachusetts sai kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar jiha sun ɗaga hannu.

Samun fili kuma ba shi ne samun filin wasa ba. Ginin yakan fito ne daga bashin da masu zaɓe suka amince a ciyo, a biya da harajin gidajensu. Garin Allen na Texas ya buɗe wa sakandarensa filin ƙwallo mai kujeru 18,000 a 2012, a kan kimanin dala miliyan 60. A 2014 aka rufe shi na wani lokaci saboda tsagewar kankare. Gundumar da gidajenta ba su da daraja kuwa, ko an ba ta eka goma kyauta, sai ta bar su ciyawa na ci. Iyayen wata unguwar talakawa a San Antonio sun kai wannan bambanci har Kotun Ƙoli, amma a 1973 alƙalai biyar cikin tara suka ce tsarin bai saɓa wa kundin mulkin tarayya ba.

A Najeriya gundumar makarantu ba ta da takwara daidai. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, ƙaramar hukuma kuma tana ba da izinin gargajiya a wajen birane. Hukumar ilimi ta jiha ko ta ƙaramar hukuma ba ta sa haraji, ba a kuma zaɓenta. Keɓe mata fili ake yi. Firamaren da na yi, filin ƙwallonta ya kai har bakin titi, turakun raga biyu na ƙarfe, da darbejiya a kusurwa inda masu alewa ke zama. Yanzu jerin shaguna ne a wannan gefen. Na tambayi hedimasta ko makarantar na da takardar filin, ya yi dariya ya ce shi dai ya tarar da katanga.