Waiwaye: Tsohuwar gardamar wace runduna ce ta fi kowace a tarihi

Gardamar wace runduna ce ta fi ƙarfi a tarihi, da wane sarkin yaƙi ne babu kamarsa, ta haura shekara dubu biyu ana yinta. Livy, marubucin tarihin Rumawa, ya kawo labarin wata haɗuwa da aka ce an yi a birnin Afisa a shekara ta 193 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), tsakanin Hannibal na Kartaj, daular Arewacin Afirka, da Scipio, kwamandan Rum da ya karya shi a yaƙin Zama shekara tara kafin nan. Scipio ya tambaye shi wa ya fi kowa iya yaƙi. Hannibal ya sa Iskandar na Makidoniya a farko, Pyrrhus, wani sarkin Girkawa, a na biyu, sannan shi kansa a na uku. Da aka ce to da a ce shi ya yi nasara a Zama fa, sai ya ce ai da kansa zai sa a gaban kowa. Masana da yawa suna ɗaukar labarin a matsayin ƙawa ce kawai aka yi wa tarihi, amma ya nuna tun can jera gwaraza ake yi kamar yadda ake yi yanzu.

Livy ɗin bai tsaya nan ba. A wani wuri ya ajiye labarin da yake bayarwa, ya shiga lissafin abin da zai faru da Iskandar ya juyo yamma ya auka wa Italiya bayan ya gama da Asiya. Ya auna kwamandoji, ya auna yawan mayaƙa da horonsu, ya yanke hukunci cewa Rum ce za ta yi nasara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma wannan cutar ba ta rabu da gardamar ba har yau.

Matsala ta biyu ita ce alƙaluma. Herodotus ya ce Sarki Xerxes na Farisa ya shigo Girka a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa da dakarun ƙasa 1,700,000, kuma idan aka haɗa da na ruwa da masu hidima adadin ya wuce miliyan biyar, har ya ce akwai kogunan da suka shanye ƙaf. An yi ƙarnuka ana kwafar irin waɗannan adadi ba tare da an tambayi me mutanen suka ci a hanya ba.

Cikin waɗanda suka fara tsayawa su yi wannan tambaya da gaske akwai Ibn Khaldun, kuma a ganina ba a ba shi haƙƙinsa a wannan fage. A farkon Muƙaddimarsa, wadda ya rubuta a 1377, ya ɗauki abin da al-Mas'udi da wasu suka ruwaito cewa mayaƙan Banu Isra'ila a zamanin Annabi Musa (AS) sun kai 600,000, ya ce a dakata. Ya ce kowace daula tana da iyakar sojan da dukiyarta da faɗin ƙasarta za su iya ɗauka. Farisa, da duk girmanta, ba a ruwaito ta tara fiye da 120,000 a yaƙin Ƙadisiyya ba. Sannan ya ce runduna mai irin wancan yawa ba za ta samu filin da za ta yi sahu ba, wani ɓangaren ma ba zai san abin da ɗayan ke ciki ba. Ya danganta abin da son ɗan Adam ga labari mai ban mamaki. Sama da shekara ɗari biyar bayan haka, wani Bajamushe, Hans Delbrück, ya bi irin wannan hanya. Ya ɗauki tsawon hanyar da rundunar Jamus ta zamaninsa ke cikawa idan tana tafiya, ya gwada a kan adadin Herodotus, sai ya ga cewa lokacin da na gaba suka isa Thermopylae a Girka, na baya ba su gama fitowa daga birnin Susa na Farisa ba.

Sai kuma batun wa ke rubuta jerin. Napoleon, a zamansa na tsare a tsibirin Saint Helena, ya shawarci mai son zama babban kwamanda da ya yi ta karanta yaƙe-yaƙen mutum bakwai: Iskandar, Hannibal, Kaisar, Gustavus Adolphus, Turenne, Eugene da Frederick. A 1851 wani Baturen Ingila, Edward Creasy, ya fitar da littafi kan yaƙe-yaƙe 15 da ya ce su suka sauya alƙiblar duniya, daga Marathon zuwa Waterloo. Littafin ya karɓu ƙwarai, kuma salonsa ne ake bi har gobe. Ya sa yaƙin Tours na 732, inda Faransawan Charles Martel suka tare Musulmin Andalus. Amma babu Yarmuk, inda a watan Agusta na 636 rundunar Musulmi da Khalid bin Walid ya tsara ta karya Rumawan Gabas, Sham ta fita daga hannunsu. Babu Ƙadisiyya, wadda ta buɗe ƙofar rushewar daular Sasaniyawan Farisa. Babu Ain Jalut, inda aka karya Mongol. Babu ko ɗaya daga Sin ko Indiya ko Afirka. Wanda ya ce Tours ta sauya duniya amma Yarmuk ba ta cancanci a ambace ta ba, to taswirar garinsu yake dubawa.

Ko an gyara alƙaluma an faɗaɗa jerin, akwai wani abu da ke ɓata kwatancen: cin fage daban, cin yaƙi daban. A Cannae, a 216 kafin haihuwar Annabi Isa, Hannibal da mutum kusan 50,000 ya yi wa Rumawa sama da 80,000 ƙawanya. Ya bar tsakiyar sahunsa tana ja da baya a hankali har Rumawa suka cusa kai, sannan gefe da gefe suka rufe, mahayansa suka toshe baya. Livy ya ce an kashe kusan 48,000 a yini guda. Hafsoshin Jamus irin su Schlieffen sun ɗauki wannan rana a matsayin darasin da babu na biyunsa. Duk da haka Rum ba ta nemi sulhu ba. Ta sake ɗibar sojoji, ta daina yarda a haɗu fage da shi, ta kai yaƙin Sifen da Afirka, kuma bayan shekara 14 Kartaj ce ta durƙusa. Idan ana neman gwanin fage, Hannibal ne. Idan ana neman runduna mafi ƙarfi, wadda aka yi wa kisan kiyashi ta sake miƙewa ita ce.

Mongol ma haka. Tsarinsu na goma-goma, ɗari-ɗari, dubu-dubu, da kowane mahayi yana jan dawakai da yawa yana sauyawa, ya ba su saurin da babu mai shi a ƙarni na 13. Sun ƙone Bagadaza a 1258. Amma a ranar 3 ga Satumba 1260, Mamlukan Masar ƙarƙashin Sultan Ƙutuz da Baibars sun karya su a Ain Jalut, aka kashe kwamandansu Kitbuƙa. Jarumtar Mamlukai gaskiya ce, sai dai kafin nan Hulagu, jagoran Mongol a yankin, ya riga ya janye mafi yawan rundunarsa zuwa gabas bayan mutuwar babban sarkinsu Mongke a 1259, kuma masana da dama na ganin makiyayar Sham ba za ta iya ciyar da dawakai masu irin wannan yawa na dogon lokaci ba. Rundunar da ta gagari duniya, ciyawa da rikicin gadon sarauta suka ɗaure mata ƙafa. Napoleon kansa ya shiga Rasha a 1812 da sama da mutum 400,000, ya kama Mosko, yunwa da cuta da sanyi suka cinye rundunar.

Inda kwatanta zamani da zamani ya fi zama zalunci shi ne wajen makami, kuma nan ne tarihin yankinmu ke da abin faɗa. A watan Maris na 1591, a Tondibi kusa da Gao, rundunar Maroko da ta taso da mutum kusan 4,000 ƙarƙashin Judar Pasha ta haɗu da dubun dubatar mayaƙan Askia Ishaƙ na biyu, sarkin Songhai. Songhai suka koro garken shanu don su tarwatsa sahun baƙin, ƙarar bindiga da igwa ta juyo da shanun kan masu su, daular ta fara rushewa daga ranar. A Karari, kusa da Omdurman a Sudan, ranar 2 ga Satumba 1898, Ansar ɗin Khalifa Abdullahi, wato mabiya Mahadin Sudan, sun tunkari bindigogin Maxim masu ruwan harsashi na Kitchener, kwamandan Ingila, aka kashe musu sama da 10,000, ɓangaren Turawa da Misirawa bai rasa ko 50 ba. Shekara biyar bayan haka Kano ta faɗi a Fabrairun 1903, Sakkwato a 15 ga Maris, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi ranar 27 ga Yuli. Ba ragwanta ce ta kayar da barade masu lifidi da mashi ba, kuma ba wata fitacciyar dabarar yaƙi ce ta ba ɗaya ɓangaren nasara ba. Masana'antar da ke ƙera harsashi ce ta yi hukunci.

Adwa ta tabbatar da haka ta ɗaya fuskar. A ranar 1 ga Maris 1896, Sarki Menelik na biyu na Habasha ya fito da kusan mutum 100,000, da yawansu ɗauke da bindigogin zamani da ya yi shekaru yana saye, ya murƙushe rundunar Italiya da ba ta kai 20,000 ba. Habasha ta tsira da 'yancinta a lokacin da ake rabon Afirka.

A ƙarni na 20 ma'aunin ya koma kan ƙarfe da man fetur da layin dogo. Stalingrad, wadda ta ƙare a 2 ga Fabrairu 1943 da miƙa wuyan sojojin Jamus kusan 91,000, yaƙi ne na ƙasashe biyu, Jamus da Tarayyar Sobiyet, da kowace ta zuba dukan abin da masana'antunta ke iya fitarwa. Amma ko wannan ma'aunin bai daɗe ba aka ga iyakarsa. Amurka tana da sojoji sama da 500,000 a Biyetnam a 1968, da jiragen da abokan gabarta ba su da kwatankwacinsu, amma Saigon, babban birnin ɓangaren da take mara wa baya, ta faɗi a 1975. Tarayyar Sobiyet ta fice daga Afganistan a 1989 bayan kusan shekara goma, Amurka da ƙawayenta suka fice a Agustan 2021 bayan shekara 20, gwamnatin da suka kafa ta rushe tun sojojinsu na ƙarshe ba su bar filin jirgin Kabul ba.