Maganin ƙwaƙwalwa da dajin mama: kada a yi gaggawar zuwa kemis

Ranar awon da ta wuce, a ƙaramin asibitin da nake aiki a Gombe, wata baiwar Allah ta jira har mata suka watse, sannan ta miƙo mini wayarta. "Anti, duba min wannan. Wai maganin masu taɓin hankali yana kashe dajin mama. Yayata ce ke da ƙulli a mama, wata huɗu ke nan." Har ta rubuta sunan ƙwayar a bayan katin awonta, za ta biya kemis.

Labarin yana da tushe, shi ya sa yake da haɗari. Ƙwayoyin halittar jikinmu suna da wasu 'yan kafofi kamar kwaɗo, kowanne da mabuɗinsa. A ƙwaƙwalwa, sinadarai irin su dofamin su ne mabuɗan. Wasu magungunan taɓin hankali aikinsu toshe kwaɗon, kamar yadda karyayyen mabuɗi ke maƙalewa a ciki ya hana na gaskiya shiga. To sai masu bincike suka tarar da irin wannan kwaɗo a jikin wasu ƙwayoyin daji. A 2012 masana a Jami'ar McMaster ta Kanada suka ba da rahoton cewa thioridazine, tsohon maganin taɓin hankali, yana taɓa uwayen ƙwayoyin daji, waɗanda ake zargi da dawo da cutar bayan an yi magani.

Amma fa a ɗakin gwaje-gwaje aka ga wannan. Jikin mace daban. Shi kansa thioridazine ɗin, kamfanin da ya fara yin sa ya janye shi daga kasuwa tun 2005 saboda yana birkita bugun zuciya, har ya kan kai ga ajali.

Dabarar toshe kwaɗo kuwa mun daɗe muna cin moriyarta. Tamoxifen, wani maganin dajin mama, haka yake aiki, yana tare hanyar sinadarin mata da wasu nau'o'in dajin mama ke girma da shi. Sai an ɗebi ɗan nama an gwada kafin likita ya san ko ya dace da ke. A nan muke samun matsala da masu cewa daji ba ya son ƙarfe. Allurar gwaji ba ta yaɗa daji, Hajiya. Watannin da ake ɓatawa ana shafe-shafe da jiƙo su ne ke ba shi dama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce dajin mama ya kashe mata kusan 670,000 a faɗin duniya a 2022.

Ƙulli a mama ko hammata, jini daga kan mama, kan ya shige ciki, ko fata ta koma kamar ɓawon lemo: a zo a duba, ko da babu zafi. Yawancin ƙulli ma ba daji ba ne.

Na soke sunan ƙwayar da biro, na ce ta kawo mini yayar da safe mu rubuta mata takardar zuwa Asibitin Koyarwa na Tarayya. Ta ce sai an tambayi maigida. Na ce su zo tare, zan yi masa bayani da kaina.