Yadda garmani ya cinye burtalin Maraɗi

Duk damina gardamar ɗaya ce a zaurukan jihar Maraɗi: wa ya kawo garmani? Manoma su ce garken shanu ne suka yaɗa irinsa, makiyaya su ce gonaki ne suka matse su. Mai saurare sai ya ɗauka shekaranjiya ciyawar nan ta faɗo daga sama, alhali tsofaffi sun san ta tun tana 'yar tsiraru a bakin hanya.

Kowa ya san farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, lokacin da dabbobi suka ƙare, ƙasa ta koma faƙo. A garin Maraɗi ma aka yi babban taron yaƙi da hamada a 1984. Wannan an sha faɗinsa.

Abin da ba a cika tsayawa a kai ba shi ne mutuwar saura. Da can manomi kan noma gona 'yan shekaru ya bar ta ta huta, saurar nan kuwa ita ce makiyayar damina. Tun zamanin da gyaɗa ta yi kasuwa gonaki suka fara faɗaɗa, jama'a ta ƙaru, rabon gado ya daddatse gandu, har ta kai ba mai iya barin ko taki ɗaya bai shuka ba. Ban ga laifin magidanci ba. Mai ciyar da baki goma ba ya hutar da gona. Sai dai dabbobin da suke warwatse a daji sun koma cunkushe cikin burtali da 'yan makiyayun da suka rage, tun daga shuka har girbi. Kyasuwa da gamba da burburwa na tsirowa, baki na bin su, ba sa kai wa ga zubar da iri. Garmani kuwa saniya ta shinshina ta wuce. Ya yi fure, ya zubar da iri, baɗi ya ninka. A ganina a nan aka yi asarar, shekara bayan shekara, ba tare da wani ya lura ba.

Na bi wani burtali a yankin Gidan Runji cikin watan Agusta. Daga nesa kore shar, abin sha'awa. Da na tsuguna na buɗa ganyen nan mai laushi da gashi-gashi, ba komai a ƙarƙashinsa sai rairayi. Na kama ɗaya zan tuge, sai da na sa hannu biyu, don saiwarsa ta nutse sosai. Shanun kuwa na ratsawa ta tsakiya, haƙarƙarinsu a waje.

Dokar karkara ta Nijar ta 1993 ta taimaka wajen shata iyakokin burtali, kuma ƙauyuka da dama na fita gayya su tuge garmani kafin ya yi fure, su watsa irin kyasuwa. Aikin na ci idan an tsare wurin har kyasuwar ta zubar da iri. A wannan daminar ta tsaro kuwa dole garken ya sami inda zai tsaya, ga gero dama da hagu.