Jan Tirelar Kwana Mai Ƙafa ta Biyar da Babbar Mota

Tirelar kwana mai ƙafa ta biyar wani irin gidan tafi-da-gidanka ne da ake ja da mota, wanda ya fi yawa a Amurka da Kanada. A cikinta akwai ɗakin kwana, da kicin, da banɗaki, da falo, amma ba ta da inji. Bambancinta da sauran tirelolin yawon shaƙatawa yana wajen haɗi. Ba a maƙala ta a ƙugiyar bayan mota. Gabanta yana da doro wanda ke hawa kan bayan motar, a ƙarƙashin doron kuma akwai wata ƙusa mai kauri da ke shiga cikin farantin ƙarfe da aka kafa daidai saman ƙafafun baya. Wannan farantin shi ake kira ƙafa ta biyar. Irinsa ne ke haɗa kan tirela da bodinta a manyan motocin da ke ɗauko kaya daga Legas zuwa Kano, sai dai na tirelar kwana ya fi ƙanƙanta. Tsawon irin waɗannan tireloli yakan kama daga kimanin mita 7 zuwa mita 13 da 'yan kai, manyansu kuma nauyinsu kan haura kilo 9,000 idan an yi musu lodi.

Asalin suna da tarihi

Sunan ya girmi mota. A zamanin keken doki mai ƙafa huɗu, maƙera kan kwantar da wani zoben ƙarfe a saman sandar ƙafafun gaba, domin ƙafafun su iya juyawa a kwana ba tare da keken ya kife ba. Da yake zoben zagayayye ne kamar ƙafar keke, sai aka ɗauke shi a matsayin ta biyar, duk da cewa ba ya taɓa ƙasa.

Da mota ta zo, sai dabarar ta koma kanta. A 1914 wani maƙeri a Detroit mai suna August Fruehauf ya ƙera wa wani ɗan kasuwar katako, Frederic Sibley, tirelar da zai riƙa ɗaukar kwalekwalensa da ita, aka haɗa ta da motar Ford samfurin Model T. Sibley ya ga amfanin abin, ya nemi a ƙara masa wasu don jigilar katako, daga nan kamfanin Fruehauf ya kafu a 1918. Wajejen 1915 kuma kamfanin Charles H. Martin ya fara sayar da wani faranti mai lilo gaba da baya, wanda ke barin mota da tirela su hau tudu ko su gangara ba tare da haɗin ya karye ba. Bayan 'yan shekaru John Endebrock na Cincinnati, wanda sunansa ke haɗe da kamfanin Trailmobile, ya fito da samfurin da mutum ɗaya zai iya haɗawa ya kuma kwance shi kaɗai. Marubuta tarihin sufuri sun saɓa kan wanda ya cancanci a kira mai ƙirƙira a cikinsu. Wasu ma na komawa ga Alexander Winton na Cleveland, wanda ya yi abin jan motocinsa zuwa wurin masu saye a ƙarshen shekarun 1890.

Wanda aka fi dangantawa da mayar da dabarar abin kwana shi ne Glenn Curtiss, shahararren mai ƙera jiragen sama. Wajejen 1919 zuwa 1920 shi da ɗan'uwansa G. Carl Adams sun fitar da wata tirelar zango, sannan a ƙarshen shekarun 1920 Curtiss ya fito da Aerocar, wadda aka riƙa ƙerawa a Opa-locka ta jihar Florida. An gina jikinta da siraran katako da waya da yadi, kamar yadda ake gina jirgin sama na lokacin. Haɗinta ya fi komai ban sha'awa: tayar jirgin sama ce mai iska aka kwantar a bayan motar, ƙusar tirelar ta shiga tsakiyarta, iskar tayar tana shanye girgizar hanya. A nan dai sunan ƙafa ta biyar ya dace da zahiri. Aerocar kayan masu hali ce, ba ta yaɗu sosai ba, Curtiss kuma ya rasu a 1930.

Samfurin da aka sani yau, wanda ake ja da a-kori-kura, ya fara bazuwa ne daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa cikin 1970. Mafi yawansu ana ƙera su a Elkhart da kewayenta, a arewacin jihar Indiana.

Yadda haɗin yake aiki

Kaurin ƙusar inci 2 ne, daidai da na akasarin manyan tirelolin kaya. Direba yana ja da baya a hankali har ƙusar ta zame cikin bakin farantin, muƙamuƙan ƙarfe su rufe a kanta, sai a kulle hannun. Kafin a ɗaga ƙafafun tsayuwar tirelar gaba ɗaya, al'ada ce a danne birkin tirelar a ɗan ja gaba kaɗan, don a tabbatar ƙusar ta kamu. Idan ba ta kamu ba, doron kan zame ya faɗo kan gefen bodin motar, kuma wannan na daga cikin ɓarnar da sababbin shiga suka fi yi.

Amfanin sa haɗin a saman ƙafafun baya, ko ɗan gaba da su kaɗan, shi ne nauyi yana sauka inda motar ta fi ƙarfi. Tirelar da aka maƙala a can bayan mota takan yi wutsiya idan iska ta buge ta ko babbar mota ta wuce ta, mai ƙafa ta biyar kuwa ba ta cika yin haka ba. Amma akwai farashi. Kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyin tirelar yana kan ƙusar, alhali a tirelar ƙugiya kashi 10 zuwa 15 ne. Tirela mai kilo 8,000 za ta iya ɗora wa bayan mota kilo 1,600 ko fiye, ban da nauyin farantin kansa, da fasinjoji, da mai. Saboda haka sau da yawa abin da motar za ta iya ɗauka ne ke ƙarewa tun kafin abin da injinta zai iya ja.

Motar da bodinta gajere ne tana buƙatar faranti mai zamewa baya, in ba haka ba kusurwar tirelar za ta fasa gilashin baya a kwana mai tsanani.

Motocin ja

A Amurka an kasa motocin kaya aji 8 bisa iyakar nauyin da aka yarda su kai da lodinsu. Manyan a-kori-kura irin su Ford F-250 da F-350, Ram 2500 da 3500, da Chevrolet Silverado 2500HD da 3500HD suna aji na 2 da na 3, wato har zuwa laba 14,000, kimanin kilo 6,350. Su ne ke jan mafi yawan tirelolin kwana. Masu manyan tireloli sun fi son mai tayoyi bibbiyu a baya da injin dizal. Dodge, wadda a lokacin ke ƙera motocin Ram, ta fara sa injin dizal na Cummins a motocinta a 1989, Ford ta fito da injin Power Stroke a 1994, sai injin Duramax na General Motors, mai Chevrolet, a samfurin 2001. Shekaru da yawa kowane kamfani yana faɗin ƙarfin jan motarsa yadda ya ga dama, har ƙungiyar injiniyoyin mota ta SAE ta fitar da ma'aunin J2807. Cikin gwajinsa har da hawan tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kimanin kilomita 18 cikin zafin da ya kai digiri 38, da na'urar sanyaya mota a kunne.

Sama da waɗannan akwai matsakaita, irin su Freightliner M2.

Kan tirela na aji 8

Wasu 'yan tsiraru, galibi waɗanda suka sayar da gidajensu suka koma zama a tirela dungurungum, sun zaɓi kan tirela sosai, na aji 8, wanda iyakar nauyinsa ta haura laba 33,000, kusan kilo 15,000. Sukan sayi na hannu wanda ya gama aiki a kamfanonin jigila, kuma Volvo ta fi farin jini a wurinsu saboda laushin tuƙi da giyarta mai sauya kanta. Da yawansu suna haɗuwa ƙarƙashin Escapees, ƙungiyar masu rayuwa a gidajen tafi-da-gidanka, wadda Joe da Kay Peterson suka kafa a 1978.

Hujjarsu ta fi karkata ga birki fiye da ƙarfin ja. Motar da aka ƙera don haɗin da ya kai kilo 36,000 ba ta jin tirela mai kilo 10,000. Tana da birkin iska, tana kuma da birkin inji irin wanda Clessie Cummins ya ƙirƙira, kamfanin Jacobs ya fara sayarwa a 1961, wanda ke riƙe mota a doguwar gangara ba tare da birkin ƙafa ya yi zafi ba. Ga shi kuma kan tirela na hannu kan zo da kuɗin da bai kai na sabuwar babbar a-kori-kura ba.

Ba a haɗa su haka kawai. Farantin kasuwanci da sifirin ɗin babbar mota sun yi wa siririn shasin tirelar kwana tsauri, suna iya tsaga shi, don haka ake cire shi a sa faranti mai jakar iska, wanda kusan aikin tayar Curtiss yake yi. Wasu na cire layi ɗaya na ƙafafun baya don rage nauyi da kuɗin taya. Dole a sa na'urar da za ta fassara birkin iska zuwa birkin lantarki na tirelar, a kuma gyara wayoyin fitilu, domin tsarin sigina da fitilar birki na ɓangarorin biyu ba ɗaya ba ne. A filin da ya rage bayan ɗakin direba akan shimfiɗa dandamali, inda wasu ke ɗora ƙaramar motar Smart a gicciye don zirga-zirgar cikin gari. Masu suka na cewa haɗin yana yin tsawon da wuraren zango da yawa ba sa ɗauka, kuma gyara guda na iya cinye rarar da aka samu wajen saye.

Doka

Dokar tarayyar Amurka ta 1986 ce ta kawo lasisin tuƙin kasuwanci na bai ɗaya, wanda ya fara aiki sosai a 1992, ana kuma buƙatarsa idan nauyi ya kai laba 26,001 ko fiye. Abin hawan shaƙatawa na amfanin kai ba ya ƙarƙashinta, an bar wa jihohi. Texas da California na daga cikin masu neman lasisi na musamman idan nauyi ya wuce wani mataki. A California tirela mai ƙafa ta biyar da ta haura laba 15,000 tana buƙatar lasisin aji A wanda ba na kasuwanci ba. Yi wa kan tirela rajista a matsayin motar kwana ko motar gida shi ma ya danganta da jiha, haka nan batun ko fasinja zai iya zama cikin tirelar tana tafiya. Faɗin abin hawa da aka saba yarda da shi a kan titi inci 102 ne, tsayi kuma a jihohin gabas ƙafa 13 da inci 6, kimanin mita 4.1, kuma manyan tirelolin kwana suna dab da wannan iyaka.