Hoton eko wajen gyaran zuciyar yaran da aka haifa da matsala

Eko hanya ce ta kallon cikin zuciya tana bugawa ba tare da an tsaga ƙirji ba. Na'urar tana aika sautin da kunnen mutum ba ya iya ji, sautin ya bugi bangon zuciya ya dawo, kwamfuta ta mayar da shi hoto mai motsi. Likita Inge Edler da masanin kimiyya Hellmuth Hertz ne suka fara gwada ta a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. Ba ta amfani da hasken ekisire, shi ya sa ake iya maimaita ta ga jariri ba fargaba.

Kimanin jarirai 8 cikin 1,000 ana haihuwarsu da matsalar zuciya. Wadda ta fi yawa ita ce abin da iyaye ke kira rami a zuciya, wato huji a bangon da ya raba ɗakunan zuciya biyu na ƙasa. Akwai huji a bangon sama, akwai kuma jijiyar da ya kamata ta rufe bayan haihuwa amma ta zauna a buɗe.

Kafin gyara, eko ke nuna inda hujin yake, faɗinsa, da inda jini ke nufa. A fuskar na'urar, jinin da ke tahowa wajenta yakan fito ja, wanda ke nisanta ya fito shuɗi. Daga nan likita ke yanke shawara: ƙananan huji da yawa na ƙasa suna rufewa da kansu, sai a bar yaro ana bibiya, babban huji kuwa ba ya jira.

Aikin eko ya fi fitowa fili a lokacin gyaran kansa. Haƙarƙari da huhu suna tare sauti, don haka bayan an sa yaro barci sai a zura siririyar na'ura ta baki zuwa hanyar abinci, wadda ke bayan zuciya daf da ita. Idan za a toshe hujin sama ba tare da tiyata ba, dabarar da likitoci King da Mills suka fara a Amurka a shekarun 1970, ana bi ta jijiyar cinya da siririn bututu ɗauke da marufi mai fuska biyu. Eko ce idon mai aikin. Ita ke auna ko gefen hujin yana da naman da zai riƙe marufin, akalla milimita 5 a mafi yawan gefuna, ita ke nuna ya zauna daidai bai danne wata ƙofar zuciya ba, kafin a sake shi. A tiyatar buɗe ƙirji kuma, da zarar zuciya ta koma bugu, ana dubawa ko facin da aka yi wa hujin yana yoyo, ko iska ta maƙale a ciki. In akwai saura, a gyara nan take, ƙirji bai rufu ba.

A Nijeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a Enugu a 1974. A Kano ana yi wa yara eko a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya, sai dai iyalai da dama har yanzu sukan tara kuɗi su tafi Indiya ko Masar domin babban gyara.

Abin da ya fi ciwo shi ne jinkirin hoton farko. Jaririn da ke haki da gumi wajen shan nono, ba ya ƙiba, yana yawan ciwon ƙirji, sau da yawa ana ta yi masa maganin sanyi ko limoniya. Babban huji da aka bari shekaru yana tura jini mai yawa huhu har jijiyoyinsa su taurara, jini ya juya hanya, leɓe da farce su yi shuɗi. Idan an kai nan, rufe hujin kan zama haɗari, sai dai magani na sauƙaƙa wahala.