Ba Kowane Bikin Hindu Ne Kiɗa da Rawa Ba

Fina-finan Indiya sun sa muna ɗauka duk bikin 'yan Hindu rawa ce da watsa kala. Maha Shivaratri, da ake yi a Fabrairu ko Maris don girmama Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, ba haka yake ba. Masu ibada kan wuni da azumi, su kwana ido biyu a zaune, baya a miƙe, suna tattara hankali suna maimaita kalmomin girmama Shiva, "Om Namah Shivaya". A wurin bautar Pashupatinath da ke Kathmandu, babban birnin ƙasar Nepal, ana kwarara madara a kan dutsen da ke wakiltar Shiva, a ɗora ganyen wata bishiya da ake kira bilva. Yogar da muke wa kallon motsa jiki ma ibada ce a wurinsu, don sun yi imani Shiva ne ya fara koyar da ita.